Tsohon Delft, Makkum ko Gouda: Wane Tangaran na Holan Ya Kamata Mai Tarawa Ya Fara da Shi?

Mutumin da ya fara sha'awar tsofaffin kayan tangaran na ƙasar Holan yakan ɗauka cewa abu guda ne ake magana a kansa, wato farin faranti mai zanen shuɗi wanda aka rubuta "Delft" a gindinsa. Da zarar ya shiga kasuwar sosai sai ya tarar da cewa sunan Delft ba mallakar kowace masana'anta ba ne, babu dokar da ta hana kowa rubuta shi, kuma ana kiran tulun da ya shekara ɗari uku da shi kamar yadda ake samunsa a jikin kayan tsarabar da aka buga wa zane da inji a bara. Saboda haka shawarar farko da ke gaban mai tarawa ita ce ta zaɓen reshen da zai bi, tun kafin ya kai ga zaɓen faranti ko tulu. Rassan da suka fi muhimmanci su ne tsohon Delft na ƙarni na 17 da na 18, da kayan masana'antar De Porceleyne Fles na bayan 1876, da kayan garin Makkum, da kuma kayan Gouda masu launuka da yawa na farkon ƙarni na 20. Ra'ayina shi ne, mai matsakaicin hali wanda ke saye daga nesa ya fara da Gouda ko De Porceleyne Fles, ya jinkirta tsohon Delft har sai idonsa ya goge, kuma zan bayyana dalilan da suka sa na ce haka.

Kafin a gwada su da juna, ya kamata a san yadda ake yin tsohon Delft, domin a nan ne duk bambancin ya samo asali. Tsohon Delft ba tangaran ne irin na ƙasar Sin ba. Na Sin ana yin sa ne da farar ƙasa ta musamman wadda ake gasawa da wuta mai tsananin zafi har ta zama kamar gilashi, shi ya sa haske ke ratsa shi. Magina a Holan ba su da wannan ƙasa, don haka suka yi amfani da yumɓu mai launin rawaya-rawaya, su gasa shi sau ɗaya, sannan su tsoma shi a wani ruwa da aka haɗa da yashi da dalma da kuza. Kuzar ce ke sa rufin ya fito fari fat, ya ɓoye launin yumɓun da ke ƙarƙashinsa. A kan wannan ɗanyen rufi mai zane yake aikinsa da sinadarin kobalt, wanda baƙi-baƙi ne a lokacin zanen amma ya koma shuɗi bayan gashi na biyu. Ɗanyen rufin yana shanye launi nan take, don haka babu damar gogewa ko gyara, kuma wannan ne ya sa ake ganin saurin hannun mai zane a jikin kayan na ainihi.

Wannan fasaha ba a Holan aka ƙirƙire ta ba. Magina a Iraƙi, musamman a Basra a zamanin Abbasiyawa cikin ƙarni na 9, su ne suka fara rufe yumɓu da farin rufin kuza suna yi masa ado da shuɗin kobalt. Daga can ta bi ta Andalus zuwa Italiya, sannan wani Ba'italiye mai suna Guido da Savino ya kafa sana'ar a Antwerp a farkon ƙarni na 16. Da Antwerp ta faɗa hannun sojojin Sifen a 1585, magina da yawa suka yi hijira zuwa arewa. A 1602 aka kafa kamfanin Holan na cinikin Gabashin Indiya, wanda ya riƙa shigo da tangaran na Sin da yawan gaske har mutane suka saba da fari da shuɗi. Da rikicin ƙarshen daular Ming ta Sin ya katse wannan hanya a tsakiyar ƙarnin, sai maginan garin Delft suka cike gurbin da kwaikwayon nasu. A daidai lokacin sana'ar dafa giya tana durƙushewa a garin, sai magina suka gaje gine-ginen, wasu har da sunayensu, kuma fashewar rumbun albarushi ta 1654 da ta rushe wani sashe na garin ta ƙara sauya fasalinsa. Zuwa wajen 1700 akwai masana'antu fiye da talatin a Delft, irin su De Grieksche A da De Metaale Pot da De Witte Ster da De Paauw.

Darajar tsohon Delft ba abin musu ba ce. Dogayen tukwanen fure masu hawa-hawa da Adrianus Kocx na De Grieksche A ya yi wa Sarauniya Mary ta Biyu a ƙarshen ƙarni na 17 har yanzu suna fadar Hampton Court a Ingila, kuma wanda ya ga irinsu a gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam zai fahimci abin da ya sa ake rububinsu. To amma irin waɗannan sai gidajen tarihi da manyan attajirai, a hannun dillalai irin su Aronson na Amsterdam ko a baje kolin TEFAF da ake yi a Maastricht. Abin da mai tarawa na yau da kullum zai iya kaiwa gare shi shi ne farantan ƙarni na 18, da ƙananan tuluna, da kwalaben ajiye magani na tsofaffin kantunan magunguna. Matsalar a nan ita ce yawancin waɗannan ba su da tambari ko kaɗan, kuma masu tambarin ma ba a dogara da shi kai tsaye. Ko da yake hukumar birnin Delft ta tilasta wa masana'antu su yi rajistar tambarinsu a 1764, a ƙarni na 19 wasu masana'antu a Faransa, ciki har da ta Samson a Faris da na garin Desvres, sun yi ta kwaikwayon tsohon Delft har da tambarinsa. Waɗannan kwaikwayon su ma yanzu sun haura shekara ɗari, sun tsufa sun yi kama da na ainihi, kuma tambarin AK na Kocx yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya.

Mai son gane na ainihi dole ya riƙe kayan a hannu. Zai duba bakin farantin inda rufin ya ɓantare, domin rufin kuza ba ya kama yumɓu da ƙarfi, kuma kusan babu tsohon farantin da ya kai yau ba tare da ƙananan ɓantarewa ba. Ta wannan wurin zai ga yumɓu mai taushi mai launin rawaya. Zai juya bayan farantin ya nemi tabo guda uku, wato gurbin ƙusoshin yumɓun da aka ɗora shi a kai lokacin gashi. Zai ji nauyinsa, domin na ainihi ya fi sauƙi fiye da yadda girmansa ke nunawa. Duk waɗannan abubuwa ne da hoto ba ya isar da su yadda ya kamata, kuma mai saye daga Kano ko Yamai ko Kumasi hoto ne kaɗai a gabansa. Wannan ne babban dalilin da ya sa ba na ba sabon shiga shawarar fara zuba kuɗinsa a nan. Idan ya ga tulun da aka ce na 1700 ne, lafiya lau ba tabo ko ɗaya, kuma a farashi mai sauƙi, to ya tuna cewa araha ba ta ado.

Akwai ƙofa guda ɗaya mai sauƙi ta shiga wannan zamani, ita ce ta tayil ɗin bango. An yi su da yawa ƙwarai a Rotterdam da Amsterdam da Utrecht da Harlingen da Makkum, ba a Delft kaɗai ba, domin a lulluɓe bangon murhu da kicin da gindin bango saboda danshi. Girmansu kusan santimita 13 ne ta kowane gefe. Na farkon ƙarni na 17 sun fi kauri kuma sau da yawa launukansu da yawa, na baya kuwa suka riƙa raguwa a kauri, aka koma shuɗi ko shunayya ta sinadarin manganis. A kusurwoyin wasu ana ganin ƙananan ramuka, gurbin ƙusoshin allon da aka danne yumɓun da shi lokacin yanka, sannan bayansu yakan zo da ragowar tsohuwar farar ƙasar gini. Adon kusurwa, kamar wanda ake kira kan sa da wanda ake kira gizo-gizo, yana taimakawa wajen ƙiyasta zamani. Tayil guda na ƙarni na 18 mai zanen fure ko jirgin ruwa ba ya kai farashin faranti, ba ya saurin fashewa a hanya, kuma yana koya wa ido yadda tsohon rufin kuza yake. Gidan tarihi na tayil da ke Otterlo ya tanadi tarin da za a iya gwada abin da aka saya da shi.

Reshe na biyu ya fito ne daga mutuwar na farko. A ƙarshen ƙarni na 18 kayan Ingila masu launin madara, irin na Wedgwood, suka mamaye kasuwa saboda sun fi ƙarfi kuma sun fi araha, sai masana'antun Delft suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta tsira ita ce De Porceleyne Fles, da aka kafa a 1653. A 1876 wani injiniya mai suna Joost Thooft ya saye ta, ya farfaɗo da zanen shuɗi da hannu, amma ta wata hanya dabam. Maimakon yumɓu mai rawaya da rufin kuza, sai aka koma haɗa yumɓu mai tauri wanda shi kansa fari ne, a yi zane a kansa bayan gashin farko, sannan a rufe da rufi garai wanda ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Wannan ya ba masu zane damar yin inuwa da shuɗi mai matakai da yawa, daga mai haske zuwa mai duhu, har suna kwafar zanen manyan masu zane na Holan a kan faranti. Masana'antar ta sami lambar sarauta a 1919, kuma yau ita ce aka sani da Royal Delft.

Abin da ya sa wannan reshe ya dace da mai saye daga nesa shi ne gindin kayan yana faɗin kusan komai. Akwai zanen wata ƙaramar kwalba, a ƙarƙashinta haruffan J da T na sunan Thooft a haɗe, sannan kalmar Delft, duk an rubuta da hannu. A gefe ɗaya akwai haruffan sunan mai zane, a ɗaya gefen kuma harafin shekara. An fara wannan lissafi da harafin A a 1879, kuma da haruffa suka ƙare aka koma haɗa biyu-biyu. Wato da hoto mai kyau na gindin tulu, mutum zai iya sanin shekarar da aka yi shi, sau da yawa har da wanda ya zana shi. Kayan kuma suna da ƙarfi, ba sa ɓantarewa kamar tsohon Delft. Raunin reshen shi ne an yi su da yawa, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, kuma salon bai sauya sosai ba, don haka farantin shekarun 1970 ba abu ne mai wuyar samu ba, kuma bai kamata a saye shi da fatan zai yi tsada nan gaba ba. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya fi kyau ya nemi na tsakanin 1880 da 1930, lokacin da masu zane irin su Leon Senf suke aiki, ko ya nemi jerin da ake kira Nieuw Delfts na shekarun 1910, wanda aka ɗauko salonsa daga tangaran na Farisa da Turkiyya, da shuɗi da kore da zanen ganyaye.

A nan ya kamata a yi gargaɗi game da abin da ya fi cika shafukan saye da sayarwa. Rubutun "Delfts Blauw" ko "handpainted" a gindin kaya ba hujja ba ce ta komai, domin ana buga zanen da inji, a ɗan shafa buroshi a gefe, sannan a ce aikin hannu ne. Idan aka duba da gilashin ƙara girma, zanen da aka buga yakan nuna ƙananan ɗigo-ɗigo a jere da layuka masu kauri ɗaya, alhali zanen hannu yana nuna inda buroshi ya fara da inda ya ƙare, da inda launi ya taru. Haka kuma kalmar "Holland" a gindi tana nuna cewa an yi kayan ne bayan 1891, lokacin da dokar harajin Amurka ta tilasta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata, don haka duk wanda ya ce tulu mai wannan rubutu na ƙarni na 18 ne, maganarsa ta faɗi. Ƙananan gidajen tangaran da kamfanin jiragen sama na KLM ke ba fasinjojin babban aji tun shekarun 1950 su ma ana tara su sosai, amma ba sa cikin aikin hannu irin wanda ake magana a kai, kuma mai saye ya sani cewa yawancinsu a cike suke da barasa.

Makkum wani ƙaramin gari ne a lardin Friesland da ke arewacin ƙasar, kuma masana'antar Tichelaar da ke can tana danganta asalinta da 1572, abin da ya sa ake lissafa ta cikin kamfanoni mafi tsufa a Holan. Muhimmancinta ga mai tarawa shi ne ba ta bar tsohuwar hanya ba lokacin da Delft ta bar ta. Farantin Makkum na ƙarni na 20 an yi shi ne da yumɓu mai rawaya, aka tsoma shi a rufin kuza, aka yi zane a kan ɗanyen rufi, kamar dai yadda ake yi a 1700. Saboda haka wanda ainihin abin da yake so shi ne taushin farin kuza da yadda launi ke nutsewa a cikinsa, zai same shi a Makkum a farashin da bai kai na tsohon Delft ba, tare da tambari bayyananne na sunan garin da haruffan T biyu a giciye. Kayan Makkum da yawa masu launuka ne, da rawaya da kore da jan ƙasa a kan fari, da zanen tsuntsaye da kwandunan fure. Idan aka ajiye farantin Makkum kusa da na De Porceleyne Fles, na biyun ya fi sheƙi da tsabtar layi, na farkon kuma ya fi ɗumi a ido. A ganina Makkum ce makaranta mafi kyau ga wanda burinsa na ƙarshe tsohon Delft ne. Sai dai ta gaji raunin tsohuwar hanyar, wato bakinta yana ɓantarewa, kuma masu nemanta a wajen Holan ba su kai masu neman Delft ba, don haka sake sayar da ita yakan ɗauki lokaci.

Gouda kuwa duniya ce dabam, kuma a nan nake ganin sabon mai tarawa zai fi samun abin da ya dace da kuɗinsa. Garin ya shahara tun ƙarni na 17 da yin lofe na farin yumɓu, kuma da sigari ya rage kasuwar lofe, sai masana'antun suka juya ga kayan ado da ake kira plateel. A 1898 Egbert Estié ya kafa Plateelbakkerij Zuid-Holland, wadda ta zama mafi girma a cikinsu har ta rufe a 1964. Tsofaffin masu yin lofe irin su Regina da Ivora da Zenith da Goedewaagen suka bi sahu, sannan aka yi irin wannan aiki a Arnhem da Schoonhoven, kuma a kasuwa duk ana haɗa su a ƙarƙashin sunan Gouda. Na farko-farko masu sheƙi ne, da zanen furanni masu lanƙwasa a salon da ya yi tashe a Turai wajen 1900. Wajen 1910 aka fito da rufi marar sheƙi, mai laushi a hannu, wanda aka fara kira Rhodian, kuma shi ne ya zama alamar Gouda: baƙi ko kore mai duhu a wuya da gindi, a tsakiya kuma shuɗi da ruwan lemo da rawaya da ruwan ƙasa, an kewaye kowane launi da layi, an cike sarari da ɗigo-ɗigo. Kantin Liberty na Landan ya sayar da su da yawa, shi ya sa har yau ake samunsu a kasuwannin Ingila.

Dalilan da suka sa na fifita Gouda suna da yawa. Kowane tulu an zana shi ne da hannu daga sama har ƙasa, kuma salon cike launi ne da ba a iya ɓoye aikin inji a cikinsa cikin sauƙi. Gindin kayan Zuid-Holland ya ma fi na De Porceleyne Fles bayani: akwai zanen ƙaramin gida mai wakiltar wata tsohuwar ƙofa da ke cikin garin, da sunan zanen, da lambar siffar tulun, da haruffan mai zane, sannan daga wajen 1918 akwai alamar shekara. Zane-zanen masu suna sun kai ɗaruruwa, don haka mai tarawa yana iya zaɓar zane ɗaya ya bi shi a kan tulu da kwano da mazaunin kyandir, ko ya zaɓi siffa ɗaya ya tara ta cikin zane dabam-dabam, ko ya bi aikin mai zane ɗaya kamar Henri Breetvelt. Akwai kuma wani abu da zai yi wa wasu masu karatu nauyi a mizani: tsohon Delft da tayil suna cike da hoton mutane da dabbobi da labaran Littafi Mai Tsarki na Kirista, alhali yawancin Gouda na shekarun 1920 ganye ne da fure da zayyana zalla, don haka wanda ba ya son ajiye hoton mai rai a ɗakinsa zai sami yalwar zaɓi. Ga wanda ya saba ganin jeren ɗakin amarya, inda kyan abin yake a haɗuwar kwanuka masu launi a jere a kan kanta, tarin Gouda zai fi yi masa ma'ana fiye da faranti guda mai tsada da aka rataye shi kaɗai.

Gouda ma tana da nata matsalolin da ya kamata a sani. Yumɓunta mai shan ruwa ne, kuma tulun da aka daɗe ana zuba wa ruwan fure yakan yi ƙananan tsage-tsage a rufinsa, ko wani farin tabo a ciki wanda ba ya fita. Rufi marar sheƙi yana nuna karce, kuma yana da sauƙin ɓoye gyara, domin mai gyara yana iya shafa fenti mai duhu a wuyan tulu ba a lura ba. Haka kuma ingancin ya ragu bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930, lokacin da zanen hannu ya yi wa masana'antu tsada har suka koma fesa launi da sauƙaƙa ado, kuma kayan bayan yaƙi, ko da suna da kyau, ba su kai na tsakanin 1910 da 1930 ba. An kuma yi kwaikwayon salon a Japan a wancan zamanin, amma waɗannan gindinsu yakan tona asirinsu.

Akwai rassa biyu da ke gefe waɗanda zan ambata a taƙaice. Masana'antar Rozenburg ta birnin Hague, wadda aka kafa a 1883 ta rufe a 1917, ta fito da wani tangaran mai sirantaka kamar ɓawon ƙwai wanda ya ja hankalin duniya a baje kolin Faris na 1900. Aiki ne na ƙololuwa, amma tsadarsa da saurin fashewarsa sun sa bai dace da mai farawa ba, balle wanda za a aiko masa da shi ta jirgi. A ɗaya ɓangaren akwai kayan tsakiyar ƙarni na 20 daga Mobach ta Utrecht da Zaalberg da Ravelli da Fris ta Edam, inda adon yake a cikin rufin kansa da yadda ya kwarara a wuta, ba a zane ba. Waɗannan su ne mafi araha, kuma da yawa daga cikin na Mobach da Zaalberg an murza su ne da hannu a kan faifan magini. Wanda ɗakinsa na zamani ne, kuma abin da ke burge shi shi ne siffa da launi, zai iya samun gamsuwa a nan fiye da ko'ina, sai dai bayanan shekaru ba su kai na Gouda tsari ba.

Idan aka zo maganar lafiyar kaya, ma'aunin ba ɗaya ba ne a dukkan rassan, kuma rashin sanin wannan yana sa mutane asara ta fuska biyu. A tsohon Delft da tayil, ɓantarewar baki abu ne da aka yarda da shi, ba ya rage daraja sosai, har ma rashinsa ne ke jawo shakka. A De Porceleyne Fles da Gouda kuwa, tunda lafiyayyu suna da yawa a kasuwa, ɓantarewa ɗaya ko tsaga siririya tana karya farashi ƙwarai, kuma babu dalilin sayen mai aibi sai idan zanen ba a cika samunsa ba. Kafin a biya kuɗi a nemi hoton gindi, da na baki, da na ciki, a kuma tambayi mai sayarwa a rubuce ko an taɓa gyara. Ƙaramar tocila mai hasken ultrabayolet tana nuna wurin da aka yi gyara a cikin duhu, domin sabon fenti da gam suna haskawa dabam da tsohon rufi. Idan kayan yana hannu, a ɗan ƙwanƙwasa shi da farce: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsabta, mai tsaga kuwa ƙararsa a dushe take.

Wuraren saye su ma suna bin reshen da aka zaɓa. Tsohon Delft a saye shi daga dillalin da zai ba da takardar shaida mai ɗauke da zamani da bayanin gyara, irin waɗanda ke titin Nieuwe Spiegelstraat kusa da Rijksmuseum, ko a gidan gwanjo mai suna. Gouda da Makkum da De Porceleyne Fles ana samunsu a shafukan intanet irin su Marktplaats da Catawiki, da shagunan kayan gwanjo na cikin unguwanni, da kasuwar ranar Sarki ta 27 ga Afrilu, lokacin da kowa ke baza tsofaffin kayan gidansa a bakin titi. Wanda yake da ɗan'uwa mazaunin Holan ko Beljiyam ya fi kowa sa'a, domin kuɗin aikowa da na kwastan sukan zarce kuɗin tulun kansa, kuma ƙaramin tulun Gouda ko tayil biyar da aka naɗe da kyau suna shiga jakar hannu. Wanda ya sami damar zuwa da kansa ya ware lokaci ya ziyarci gidajen tarihi irin su Museum Gouda, da Kunstmuseum a Hague, da Princessehof a Leeuwarden, domin gani ya kori ji.

Bayan kayan sun iso, akwai ƙa'ida ɗaya da ta shafi dukkan rassan: rufin tsofaffin kayan nan yana ɗauke da dalma, wadda guba ce, kuma abinci mai tsami kamar lemo ko tsamiya ko tumatir yana narkar da ita. Don haka na ado ne kawai, ba a zuba musu abinci ko abin sha, kuma a ajiye su inda yara ba sa kaiwa. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina, kabad mai ƙofar gilashi ya fi kanta a buɗe, musamman ga Gouda marar sheƙi wadda ƙura ke maƙalewa a jikinta. A share su da buroshi mai laushi, idan ya zama dole a goge da tsumma mai ɗan danshi, kada a jiƙa su a ruwa, domin yumɓun yana tsotsar ruwa ta wurin tsaga ya bar tabo a ƙarƙashin rufi. Farantin tsohon Delft ko na Makkum kuma kada a rataye shi da maƙalin ƙarfe mai matsewa, domin haƙoransa suna cin bakin rufin kuza. A ɗora shi a kan mazaunin katako, ko a yi amfani da maƙali mai rufin roba wanda ya yi daidai da faɗinsa.